Kwafe Windows gaba ɗaya kafin kwamfuta ta ƙi tashi: wace manhaja, wane faifai?

Tura hotuna da takardu cikin filash kowa ya iya. Abin da ake magana a kai a nan shi ne ɗaukar kwafin faifan cikin kwamfuta dungurungum: Windows ɗin, da manhajojin da ka sa, da saitin firinta, da komai, a dunƙule su a wani faifai na waje. Ranar da faifan ciki ya mutu, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta lalata shi, ko manhajar 'yan garkuwa da fayiloli irin WannaCry ta 2017 ta kulle komai, sai ka sa sabon faifai, ka mayar da kwafin, kwamfuta ta tashi yadda ka bar ta. Ba sai an yi mata fomatin a shago an sa maka Windows ɗin da ba ka san asalinsa ba.

Ma'aunina ɗaya ne: a ranar da allo ya yi baƙi, ba data, ba wata kwamfutar a gida, shin abin zai yi aiki ba tare da ya nemi intanet ko lambar lasisi ba?

Da wannan ma'aunin da yawa sun faɗi tun a ƙofa. System Restore, wanda ke zuwa cikin Windows, a cikin faifan da ake tsoron mutuwarsa yake ajiya, to ina amfaninsa? File History, shi ma na cikin Windows, fayiloli kawai yake kwafewa. A ma'ajiyar intanet kuwa, OneDrive gigabait 5 yake bayarwa kyauta, Google Drive 15, alhali Windows da manhajojinsa sun fi haka nesa ba kusa ba, balle a zo batun kuɗin data. Tsohon Backup and Restore na zamanin Windows 7 yana nan har a Windows 11, amma Microsoft da kanta ta daina inganta sashen kwafe faifan tun 2017. Macrium Reflect na kyauta, wanda masu gyara suka daɗe suna yabo, an daina kula da shi tun farkon 2024. Acronis kuwa na kuɗi ne. Mai Mac ya kunna Time Machine ya huta.

Ni dai Rescuezilla nake bai wa mutane shawara. Yana amfani da tsarin ajiya irin na Clonezilla, manhajar kyauta da aka gina a wata cibiyar binciken kwamfuta ta gwamnatin Taiwan. Clonezilla ƙwararre ne, sai dai rubutu ne zalla a kan allo da tambayoyin da ke firgita wanda bai saba ba, kuma zaɓi ɗaya na kuskure zai iya shafe faifan da kake son ceta. Rescuezilla ya ɗauki wannan aikin ya sa masa maɓallai manya: Backup, Restore. Kwafin da ɗaya ya yi, ɗayan yana karantawa.

Ba a sa shi a cikin Windows. Za ka sauke shi sau ɗaya, ka zuba a filash mai gigabait 8 da manhajar Rufus ko Ventoy, ka kashe kwamfuta, ka tayar da ita daga filash ɗin. A HP ana danna F9 lokacin kunnawa, a Dell F12. Daga nan ka nuna faifan da za a kwafa da inda za a ajiye. Inda babu komai a faifan tsallakewa yake yi, sannan ya matse sauran, don haka kwafin bai kai girman faifan ba. Ba rajista, ba adireshin imel, ba lasisi. Filash ɗin da ya yi kwafin shi ne zai mayar da shi, ko da Windows ya mutu murus.

Yana da nasa aibin, ba zan ɓoye ba. Ba ya yin kwafi da kansa a kan lokaci, sai ka tuna. Kowane kwafi cikakke ne daga farko. Sabon faifan da za a mayar wa kwafin ya zama daidai da tsohon ko ya fi shi girma. Kafin ka fara, riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down, domin Windows ya kashe kansa da gaske. Idan kuma BitLocker, makullin sirri na faifan Windows, na kunne, kamar yadda yake zuwa a sababbin kwamfutoci da yawa masu Windows 11, kwafin zai kumbura, kuma ka rubuta lambobin buɗewa guda 48 ɗin a takarda ka adana. Wanda ya san shi mai mantuwa ne ya ɗauki Veeam Agent na kyauta, shi yana yi kullum da kansa.

To amma duk wannan banza ne idan faifan wajen jabu ne, kuma a nan aka fi cutar mutane. An taɓa sayar mini da faifai mai kyan kwali, an rubuta terabait 2, kwamfuta ma ta nuna haka. Kwafi ya shiga lafiya, sunayen fayiloli duk suna nan. Da aka zo buɗewa, wayam. Da aka ɓalle murfin, ɗan katin memori ne a ciki da guntun ƙarfe da aka liƙa don ya yi nauyi a hannu.

Dabarar ita ce, ana sauya bayanin da ke cikin na'urar ta riƙa yi wa kwamfuta ƙaryar girmanta. Idan ainihin wurin ya cika, sabon abu ya hau kan tsohon ko ya ɓace, ba tare da wani gargaɗi ba. Duk faifan SSD da aka ce terabait 16 ne a kuɗin buhun siminti, araha ce da ba ta ado. Haka filash mai terabait 2 da ake tallatawa a Facebook.

Akwai kuma tsohon faifai da aka sa wa sabuwar riga. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna awoyin da faifai ya yi yana aiki, sabo bai kamata ya nuna dubbai ba. Ko wannan ma ba tabbas ba ne: a farkon 2025 kafar labaran fasaha ta heise a Jamus ta bankaɗo yadda wasu dillalai ke goge wannan lissafin a tsofaffin faifan Seagate su sayar a matsayin sababbi. Don haka ka shigar da lambar jikin faifan a shafin garanti na kamfanin, WD ne ko Seagate ko Toshiba, ka ga ko ta dace da abin da ke kwali.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na manhajar H2testw: yana cika faifan tam da bayanai, ya dawo ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Yana cin awoyi, sai ka bari ranar da wuta ta zauna. ValiDrive ya fi sauri, shi tsinta-tsinta yake yi a sassan faifan. Amma idan faifan terabait 1 ya nuna gigabait 931 a Windows, kada ka koma shago da faɗa, bambancin lissafi ne kawai.

Ka sayi wanda ya ninka abin da ke cikin kwamfutarka aƙalla sau biyu, don ka riƙe tsohon kwafi kafin sabon ya kammala. Ka karɓi rasit mai lambar faifan a rubuce, ku yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa idan ya faɗi gwaji za ka dawo da shi. Bayan kowane kwafi ka zare shi daga kwamfutar, kuma kada ya kwana a jakar da laftof ɗin take, don ɓarawo jakar yake ɗauka gaba ɗaya.