Configure, CMake da Meson idan babu kwamfaila

Ɗan'uwa, ka ce ka girka gcc (kwamfailar C, wato shirin da ke mayar da lambar C zuwa manhaja mai aiki) a Ubuntu, configure na wata manhaja ya wuce lafiya, amma a wata manhajar daban CMake ya tsaya yana cewa "No CMAKE_CXX_COMPILER could be found", alhali ita ma manhajar da C aka rubuta ta. Configure, CMake da Meson duk kayan shirya ginin manhaja ne, kowanne yana neman kwamfaila kafin a fara. Me ya bambanta su?

Configure, wanda shirin Autoconf ke samarwa tun 1991, yaren da mai manhaja ya ambata kaɗai yake nema. In C ne, sai ya duba ko ka sa CC (inda kake faɗa masa kwamfailar C da zai yi amfani da ita), in ba ka sa ba ya leƙa PATH (jerin jakunkunan da ake neman shirye-shirye a ciki) yana neman gcc, sannan cc. Ya rasa, sai ya ce "no acceptable C compiler found in $PATH" ya tura ka config.log, fayil ɗin da yake rubuta duk abin da ya gwada. Wani lokaci kuma kwamfailar tana nan, amma gwajin ɗan ƙaramin shirin da yake yi ya gaza, ya ce "C compiler cannot create executables". Wannan galibi rashin libc6-dev ne (kunshin fayilolin ɗakin karatun C da ake buƙata wajen gini) ko wani zaɓi mara kyau a CFLAGS (zaɓuɓɓukan da ake miƙa wa kwamfailar C). Kada ka karanta ƙarshen config.log kawai, ainihin kuskuren yana can sama.

CMake kuwa, a nan matsalarka take. Duk mai manhajar da ya rubuta project() a fayil ɗinsa na CMake bai faɗi yare ba, CMake zai ɗauka C da C++ duka ake so. Shi kuma g++, kwamfailar C++, a Ubuntu kunshinsa daban ne da na gcc. Ka ga ana tuhumarka da rashin abin da manhajar ba ta ma buƙata, ni dai a ganina wannan tsari bai yi ba. Mai manhajar ya ƙara LANGUAGES C a cikin project(), shi ke nan. Sannan CMake yana da riƙo: CC da CXX (takwaransa na C++) a zagayen farko kawai yake karanta su, ya ajiye a CMakeCache.txt. In za ka sauya kwamfaila, goge jakar ginin, ko ka sa --fresh in CMake ɗinka ya kai sigar 3.24.

Meson ya fi su bayani. Yana cewa "Unknown compiler(s)", ya jero duk sunayen da ya gwada, irin su cc, gcc da clang, da dalilin gazawar kowanne.

Kai dai yanzu buga sudo apt install build-essential, zai kawo maka g++, make da libc6-dev a tare, ka goge jakar ginin, ka sake gwadawa.