Sharhi kan fim ɗin Tina Turner na HBO: Ike ya yi yawa, waƙa ta yi kaɗan

Fim ɗin sunansa Tina kawai. Kamfanin HBO ne ya sake shi a watan Maris na 2021, Dan Lindsay da T.J. Martin suka ba da umarni, tsawonsa kuma awa biyu ba minti biyu. Ba wasan kwaikwayo ba ne, tarihin rayuwar mawaƙiyar Amurka Tina Turner ne da aka harhaɗa daga tsofaffin hotuna da kaset-kaset da hirarraki, da wata doguwar hira da aka yi da ita kanta a gidanta na Suwizalan a 2019, tana dab da cika tamanin. A waya na kalle shi, da abin sauraro a kunne. Ban yi asarar datata ba, sai dai na tashi da ƙorafi, kuma ƙorafin ne ya sa na zauna rubuta wannan.

An kasa shi kashi biyar. Na farko ya ɗauko ta tana Anna Mae Bullock, wadda aka haifa a 1939 a jihar Tennessee, ta tashi a ƙauyen Nutbush cikin gonakin auduga, tana rera waƙa a coci. Ba ta kai ashirin ba ta haɗu da Ike Turner a wani gidan rawa a East St. Louis. Shi a lokacin ya riga ya yi suna, domin ƙungiyarsa ce ta buga Rocket 88 a 1951, waƙar da masana da yawa ke lissafawa cikin na farko-farkon kiɗan rok, amma sunan da aka manna a jikin faifan na wani yaronsa ne, Jackie Brenston. Fim ɗin ya kawo wannan don a gane inda Ike ya samo tsoron kada wani ya sake cin guminsa ya tsere. A 1960 mawaƙin da aka shirya zai rera A Fool in Love bai zo ba, Anna Mae ta maye gurbinsa, waƙar ta karɓu. Nan take Ike ya raɗa mata suna Tina Turner, ya kuma mallake sunan, don in ta tafi ya samo wata ya lanƙaya mata. A 1962 suka yi aure a Tijuana ta ƙasar Meziko.

Hotunan wannan zamani su ne suka fi riƙe ni. Ga ta a tsakiyar 'yan amshinta, waɗanda ake kira Ikettes, ƙafa ba ta tsayawa, gumi na zuba, muryar nan mai kaushi na fita kamar za ta tsaga lasifika. Ike kuma yana can baya da jita, fuska a murtuke, idonsa na kan kowa. Ba sai an gaya wa mai kallo komai ba. In ka san cewa wani lokaci da kumburarriyar fuska take hawa dandamalin nan, hoda ce ta rufe, sai kallon ya sauya maka ɗanɗano gaba ɗaya.

Dabarar da masu fim suka yi wajen ba da labarin dukan ta burge ni. Ba su sa kowa ya kwaikwaya ba. Sun ɗauko kaset ɗin hirar da ta yi da Carl Arrington na mujallar People a 1981, karon farko da ta buɗe baki a bainar jama'a, suka sa muryarta tana magana, kyamara kuma tana zagaya ɗakunan gida babu kowa a ciki. Duka da abin rataye kaya, duka da katakon takalmi, watsa mata kofi mai zafi, har zuwa 1968 da ta haɗiyi ƙwayoyin barci don ta huta. Tana faɗa ne a hankali, ba kuka ba ihu, kuma hakan ya fi dukan zuciya. Ta ce addinin Buddha da ta shiga a farkon shekarun 1970 ne ya ba ta ƙarfin hali, fim ɗin kuma ya nuna ta tana karatunsu. A Yulin 1976 a Dallas, bayan ya yi mata jina-jina a mota daga filin jirgi, ta jira ya yi barci, ta sulale daga otal, ta tsallaka babbar hanya a guje motoci na wucewa, ta faɗa otal ɗin Ramada da santi 36 da katin shan mai. Manajan ya ba ta ɗaki. Da aka raba auren a 1978 ta bar masa gidaje da situdiyo da haƙƙin waƙoƙi, ta kwashi bashin wasannin da aka soke, ta ce a bar mata sunan kawai.

To daga nan ne matsalata da fim ɗin ta fara.

Abin da fim ɗin yake son ya faɗa, ya faɗe shi da kyau. Ta yi hirar 1981 ne don a daina tambayarta ina Ike, ta faɗa sau ɗaya a wuce wurin. Sai aka gudu ba a tsira ba. A 1986 ta rubuta littafi tare da Kurt Loder, I, Tina, da niyyar rufe zancen, sai ya ƙara buɗewa. A 1993 aka mayar da littafin fim, Angela Bassett ta fito a matsayinta. An nuna ta a taron 'yan jarida a Venice tana cewa ba ta kalli fim ɗin ba, don ba ta ga dalilin da zai sa ta zauna kallon azabar da ta sha ba. An jera hira bayan hira, mace ta zo tallar sabon faifai ko sabon fim, mai tambaya ya koma kan Ike kamar ƙuda a kan gyambo. Kana ganin fuskarta tana sauyawa, ta yi murmushin dole ta amsa. Wannan kashi, na huɗu, shi ne mafi ƙarfi a fim ɗin, kuma duk wanda ya taɓa riƙe makirufo yana tambayar mutane ya kamata ya gan shi.

Amma fa masu fim ɗin su ma abin da suka yi ke nan. Sun san ta gaji da zancen, sun ma nuna mana ta gaji, sannan suka zaunar da tsohuwa mai shekara kusan tamanin suka sake tambayarta, suka kuma ba Ike kusan rabin lokacin. Mijinta Erwin Bach ya faɗa a ciki cewa har yanzu takan yi mugun mafarki, irin na sojan da ya dawo daga yaƙi. Na san ba a iya ba da tarihinta a tsallake shekara goma sha shidan nan, kuma da yardarta aka yi. Duk da haka, wanda bai san ta ba zai tashi daga kallon ya fi sanin yadda aka dake ta a kan yadda take aikinta.

Aikin kuwa shi ne abin mamakin. Tun a 1966 furodusa Phil Spector ya ɗauke ta ita kaɗai ta rera River Deep – Mountain High, bisa sharaɗin Ike ba zai sa baki ba, ko da yake sunansa ya hau faifan. A Amurka waƙar ta faɗi warwas, ta tsaya a lamba 88, gidajen rediyon farare suna ganin ta baƙaƙe ce, na baƙaƙe suna ganin ta farare ce. A Ingila ta kai lamba 3, a shekarar kuma Rolling Stones, shahararriyar ƙungiyar rok ta Ingila, suka ɗauke ta ita da Ike yawon wasa. Wannan rabuwar kai ta kasuwar Amurka ita ce ta bi ta har tsufa: baƙar mace, a wurinsu, wurinta kiɗan sol ne ko na coci, rok na samarin farare ne masu jita, alhali daga hannun baƙaƙe kiɗan ya fito. Bayan rabuwa da Ike ta yi shekaru tana wasa a otal-otal na Las Vegas da shirye-shiryen talabijin na cike gurbi don ta biya bashi. Da ta haɗu da Roger Davies, wani matashi ɗan Ostareliya da ya zama manajanta, ta gaya masa burinta ba tare da kwana-kwana ba: tana so ta cika filayen ƙwallo kamar yadda Rolling Stones suke yi. Tana da shekara arba'in a lokacin, ba ta da kamfani, ba ta da waƙar da ke tashe. Akwai muryar John Carter, wanda ya ɗauke ta a kamfanin faifai na Capitol, yana ba da labarin zagin wariyar launin fata da wani babba a kamfanin ya yi mata da ya ji an ɗauke ta. Ba zan maimaita kalmar ba.

Landan ta tafi. Can aka haɗa kundin Private Dancer cikin 'yan makonni, ya fito a 1984, ya sayar da fiye da kwafi miliyan goma. Akwai wani ɗan wuri mai daɗi a nan da na so a ce irinsa ya cika fim ɗin. An sa mana What's Love Got to Do with It yadda ƙungiyar Bucks Fizz ta fara rera ta, lami, ba gishiri. Tina ta ji ta ce ba ta so, wannan ba rok ba ce. Terry Britten, ɗaya daga cikin marubutan waƙar, ya ba da labarin yadda suka zauna a situdiyo ta lanƙwasa ta, ta sa mata nauyin muryarta har ta zama tata. Minti kaɗan ne, amma a nan kaɗai na ga mawaƙiya tana tunani, tana gardama, tana zaɓe. Waƙar ta hau lamba 1 a Amurka a Satumbar 1984, Tina na da shekara 44.

Daga nan sai fim ɗin ya hau gudu. Ta ci kyautar Grammy ta mace mafi iya rera rok shekara uku a jere, 1985 da 1986 da 1987, ta sake ci a 1989. Wannan ai shi ne cikar burin da ta gaya wa Davies, ya cancanci a tsaya a kansa. An nuna filin Maracanã na Rio de Janeiro a Janairun 1988, mutum wajen 180,000, ba masaka tsinke, taron da ya shiga kundin Guinness. Hoton yana sa tsigar jiki ta tashi, amma kafin ka gyara zama an wuce. Waƙoƙi da yawa ana tsakiyarsu ake saukar da sauti wani ya hau magana. Oprah Winfrey, shahararriyar mai shirin talabijin, da Angela Bassett sun yi yabo mai kyau, sai dai yabo ne da kowa zai iya yi. Da an rage nasu an ƙara wa makaɗan da suka yi shekaru a bayanta, su gaya mana yadda take shirya wasa, yadda mace mai shekara hamsin da ɗoriya take rawa awa biyu a kan dogon takalmi numfashi bai yanke ba, da na fi ƙaruwa. Yawon wasanta na ƙarshe ta yi shi ne a 2008 zuwa 2009, tana dab da saba'in.

Zancen mahaifiyarta, Zelma, ya taɓa ni fiye da na Ike, wataƙila don ban san shi ba sosai. Ta gudu daga gidan miji Tina na da shekara 11, ba su sake zama tare ba sai da Tina ta kai shekara 16. Bayan 'yar ta yi arziki ta saya mata gida, ta ɗauki nauyinta, amma ta ce har ƙarshe ba ta ji uwar tana ƙaunarta ba. A kaset ɗin Kurt Loder akwai inda muryarta ta karye tana cewa ba ta taɓa samun wanda ya so ta tsakani da Allah ba. Wannan ne ya ba kashi na ƙarshe ma'ana, inda Erwin Bach ya shigo, Bajamushe ma'aikacin kamfanin faifai na EMI da aka tura ya tarbe ta a filin jirgi. Ta girme shi da shekara 16. Sun zauna tare shekara 27 kafin su yi aure a 2013, shekarar da ta zama 'yar ƙasar Suwizalan.

Sai dai an yi wa wannan kashi ado da yawa: gida a bakin tafki, furanni, kwanciyar hankali. Rashin lafiyarta an yi shiru a kai. Ta samu shanyewar ɓarin jiki a 2013, ciwon dajin hanji a 2016, ƙodarta ta gaza, a 2017 Erwin ya ba ta tasa guda. Ita da kanta ta rubuta wannan a littafinta na 2018, daga baya ma ta fito ta ce sakaci da hawan jini ne ya lalata mata ƙoda. In ana neman hujjar soyayyar mutumin nan, ga ta, amma aka bar ta. Ɗanta Craig ya rasu a 2018, shi ma ba a zauna a kan zancen ba. Fim ɗin ya rufe da buɗe wasan dandamali na rayuwarta a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, a Nuwambar 2019, tana tafe a hankali, Erwin a gefe Oprah a gefe, a matsayin ban kwana da Amurka. Ta rasu a garin Küsnacht na Suwizalan ranar 24 ga Mayu, 2023, tana da shekara 83.

Ga mai niyyar kallo: kunna rubutun ƙasan allo, domin sautin tsofaffin kaset ɗin ya dusashe, Turancin kudancin Amurka kuma yana haɗiye kalmomi. Ba fim ne na falo da yara ko surukai ba, akwai ashar, akwai bayanin duka da fyaɗe da yunƙurin kashe kai, tufafin da take wasa da su kuma gajeru ne ƙwarai. Wadda ta taɓa shiga irin wannan aure ta san cewa awa ta farko tana da nauyi. In an gama, a nemi cikakken wasan Rio na 1988 a ga abin da fim ɗin ya gutsuttsura. 'Yan uwanmu na Gana kuma su nemi Soul to Soul, bikin kiɗan da aka yi a dandalin Black Star na Accra ranar 6 ga Maris, 1971, don cikar ƙasar shekara 14 da samun 'yanci. Ike da Tina sun yi wasa a wurin tare da Wilson Pickett da Santana, an kuma ɗauke shi a fim.