Kafin Ka Ba Tela Awon Kwat a Damagaram

A garin da babbar riga da kaftanin shadda suka riƙe sarauta, kwat ba tufar kullum ba ce, amma ma'aikacin banki da lauya da ɗalibin Jami'ar André Salifou da zai tsaya kare kundinsa duk sun san ranar da take zama tilas. Hanyoyi uku ne a gaban mai buƙata: ya sayi ɗinkakkiya, ko sabuwa ko ta gwanjo, ko ya ba da awonsa a gyara masa tsarin yanka da tela yake da shi tun da can, ko kuma a yanka masa tasa daga tushe, a gwada a jikinsa sau biyu ko uku kafin a gama.

Ɗinkakkiya ba ta buƙatar dogon bayani. Idan kafaɗarta ta zauna daidai, tela zai iya rage hannu da tsawon wando da faɗin ƙugu. Idan kafaɗar ta zarce ko ta matse, a bar ta inda aka gan ta, domin gyaranta daidai yake da warware rigar gaba ɗaya. Hanya ta biyu ita ce abin da yawancin masu shago suke yi, ko da sun kira shi ɗinkin hannu, kuma ba laifi ba ne muddin farashin bai yi ƙarya ba. Ta uku kuwa aiki ne na daban. A titin Savile Row na birnin Landan, inda gidan ɗinkin Henry Poole da ya samo asali tun 1806 yake, ƙungiyar telolin titin ta gindaya sharaɗin aƙalla awa 50 na aikin hannu a kan riga da wando guda. Ba za a nemi wannan a Zango ko a Birni ba, sai dai ma'aunin yana da amfani: wanda ya yi maka alkawarin kwat ta hannu cikin kwana uku ba tare da gwaji ba, wani abu ne daban yake sayar maka.

Inda mutane suka fi tafka asara shi ne wajen zaɓen yadi. Mai sayarwa zai nuna maka bakin yadin inda aka saƙa Super 150 ko Super 180, yana mai cewa lambar da ta fi girma ita ce ta fi kyau. Lambar siririntakar gashin ulu kawai take nunawa: Super 100 kaurinsa bai wuce maikiron 18.75 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), Super 120 kuma 17.75, Super 150 ya sauka zuwa 16.25. Siririn gashi ya fi laushi da sheƙi, amma ya fi saurin yamutsewa da cinyewa a gwiwa da mazauni, balle ga mai hawa babur kullum cikin ƙurar hunturu. A ganina, tsakanin 100 da 120 ya ishi mutumin Damagaram. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne nauyi da saƙa, tunda a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40. A nemi ulu mara nauyi, kimanin giram 230 zuwa 260 a kowace mita, mai murɗaɗɗen zare da sakakkiyar saƙa. Idan aka ɗaga shi sama aka ga haske yana ratsawa, to iska ma za ta ratsa. Lilin ya fi kowane yadi sanyi, amma kafin azahar ya tattare, don haka sai wanda ya yarda da wannan halin nasa.

Sunayen masaƙun Biella ta Italiya, irin su Vitale Barberis Canonico, ko na Huddersfield ta Ingila, ana kwaikwayonsu a bakin yadi kamar yadda ake kwaikwayon tambarin shadda. Gwajin da ba ya yaudara shi ne na ashana: a zare 'yan zaruruwa a ƙona. Ulu yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murmushewa a yatsa. Na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. A kuma lura da awo, domin a kasuwar Dole da mita ake lissafi, a Kantin Kwari ta Kano kuwa da yadi, wanda bai kai santimita 92 ba. Riga da wando na matsakaicin mutum suna cin mita 3 zuwa 3 da rabi na yadi mai faɗin santimita 150, wato kusan yadi 4.

Sai abin da ido ba ya gani. Gaban kwat yana tsayuwa ne da wani ƙyalle da ke tsakanin yadi da shafi. A mai araha da gam ake manna shi, kuma gumi da zafin dutsen guga na gawayi sukan sa gam ɗin ya saki, ƙirjin rigar ya yi ƙuraje irin waɗanda ba su gyaruwa. A mai kyau, ƙyalle ne da aka saƙa da gashin doki, a ɗinke shi da allura, ya riƙa bin ƙirjin mai shi. Ka tsunkule yadin a ƙasan maɓallin ƙarshe, ciki da waje, ka ja: idan ka ji wani ƙyalle na uku yana zamewa a tsakani, ɗinkakke ne. Shafin ma a rage shi zuwa rabin baya, kuma kada ya zama na roba, in ba haka ba kuɗin da aka kashe wa ulu mai shan iska ya tafi a banza.

Game da maɗinkin kansa, gwanintar kaftani da aikin wuya ba ita ce gwanintar kwat ba, ko da yake ba kowane tela ne zai faɗa maka haka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara ba shi taguwa guda ta auduga zalla, bayan an jiƙa yadin ya sha ruwa don kada ya tsuke daga baya. A duba ko yatsa biyu suna shiga tsakanin kwala da wuya bayan an ɓalla maɓalli, ko layukan yadin sun haɗu a kafaɗa, ko bakin hannun ya tsaya a ƙashin wuyan hannu yadda zai leƙo kamar santimita 1 daga ƙarƙashin hannun kwat. Idan ya ci wannan jarrabawa, a kai masa ulun, a ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, a rubuta ranakun gwaji a takarda, a kuma roƙe shi ya bar rarar yadi a cikin ɗinkin ƙugu da baya saboda jiki yana sauyawa. Kuma a yi duk wannan aƙalla wata biyu kafin azumi, domin da zarar shaddar Sallah ta cika shago, kwat ɗinka ce za a rataye a ƙusa.