Rumfar tuwon zafi a Aboabo: ta dace da mai ciwon huhu?

Rumfar tana cikin Aboabo a Kumasi, kuma ga mai fama da asma ko daɗaɗɗen ciwon huhu, abin yabonta na farko shi ne murhun yana can baya. Hayaƙin itace da na gawayi yana tayar da tari, ya ƙara majina.

Tuwon zafinsu da miyar ayoyo ya yi. Da ɗuminsa yake zuwa, ba maiƙo sosai, kuma idan ka roƙa Hajiya mai abincin za ta rage maka dunƙulen magi. Gishiri mai yawa yana tara ruwa a jiki, numfashi ya yi nauyi. Ka nemi rabin kwano, domin cikakken ciki yana tokare huhu daga ƙasa. Gara ƙaramin ci sau 5 ko 6 a rana.

Waakye kuwa, wato shinkafa da wake, sai an yi hattara. Wake yana kumbura ciki, shito mai barkono da mai yana jawo ƙwannafi, ƙwannafin kuma ya tayar da tarin dare.

Fura da nono ba ta ƙara majina, yawu kawai take kaurarawa, a bi ta da ruwa. Inda suka gaza: lemon kwalba mai gas, wanda shi ma yana kumbura ciki, suke fara miƙowa, ruwan ɗumi sai ka tambaya.