Pyserial ko libusb don karanta Arduino Nano a kwamfuta?

Ɗan'uwa, tunda Nano ce ke auna maka batirin sola, ɗauki pyserial, laburaren Python na magana da tashar serial, ka huta.

Ita Nano ba ta jin USB da kanta. Juya allon za ka ga ƙaramin cip a ƙasa: CH340 a yawancin na kasuwa, FT232RL a na asali. Shi ne tafinta tsakanin USB da serial ɗin Nano. Da ka soka waya, Windows zai ba ka tashar serial mai suna COM3 ko makamancinsa, Linux kuma /dev/ttyUSB0. Ka rubuta serial.Serial("COM3", 115200, timeout=1), ka bi da readline(), shi ke nan lambobi sun fara zuba. Daɗin abin, lambar da ka rubuta a Windows ita ce za ta yi aiki a Raspberry Pi, sunan tashar kawai za ka canza.

Inda ake tuntuɓe kaɗan ne. In ka ga haruffa kamar rubutun aljanu, gudun da ka sa bai yi daidai da na Serial.begin() da ke cikin shirin Nano ba, 9600 a can, 115200 a nan. Buɗe tashar kuma yana taɓa layin DTR, wanda ke haɗe da reset ɗin allon, Nano ta sake tashi daga farko, don haka ka jira daƙiƙa 2 kafin ka tura mata komai, in ba haka ba saƙon farko ya bi iska. Ka rufe Serial Monitor na manhajar Arduino, manhaja biyu ba sa riƙe tasha ɗaya. A Linux ka shiga rukunin dialout, mai ba da izinin buɗe tashar, ka fita ka sake shiga. In a Ubuntu 22.04 kake, tashar ta bayyana ta ɓace nan take, brltty, manhajar na'urar Braille ta makafi, ce ta ƙwace CH340 ɗin, cire brltty ɗin.

Libusb kuwa, laburaren magana da USB kai tsaye, ya fi dacewa da na'urar da ba ta da direba. In ka zaɓe shi, sai ka sauya direba da manhajar Zadig a Windows, ka nemo endpoint, wato ƙofar da bayanai ke bi a USB, da kanka, sannan ka sake rubuta abin da direban CH340 ya riga ya yi maka kyauta. Wahala ce ba riba.

Sai dai ka yi hattara da masu shago. Za a ce maka "orijinal FTDI ne" a ƙara kuɗi, alhali jabu ne. A 2014 wani direban Windows na FTDI, kamfanin da ke ƙera FT232RL, ya riƙa mayar da PID ɗin jabun, wato lambar shaidarsu ta USB, zuwa 0000, kwamfuta ta daina gane su. Jabun PL2303 kuma, wani cip ɗin tafinta, kuskuren Code 10 yake bayarwa a Device Manager. Gara CH340 da bai yi maka ƙarya ba. A Linux umarnin lsusb zai nuna shi da 1a86:7523. Wayar ma a gwada ta a gabanka, don akwai ta caji zalla, fitila za ta kama amma COM ba zai taɓa fitowa ba.