Gidan Matar Uba a Cikin Filashi: Sharhi Kan Wani Shagon Tura Fina-finai a Kano

A hutun makaranta da ya wuce ne yaran gidanmu suka ishe ni da maganar wani shirin Turawa mai dogon zango, wanda aka gina a kan tatsuniyar Sindirela, marainiyar nan da matar ubanta ta mayar baiwa a gidan mahaifinta. Da yake kuɗin data ba zai bar mutum ya kalli abu mai kashi-kashi ta intanet ba, sai na ɗauki filashi mai gigabayit 32 na nufi ɗaya daga cikin shagunan tura fina-finai da ke gefen Titin Gidan Zoo. Mafi yawan abin da zan faɗa ya shafi gida guda da ke cikin shirin, domin a kan wannan gida ne na gane inda hajar ta yi kyau da inda ta gaza.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai kwamfutoci uku da benci biyu, kuma teburinsa cike yake da wayoyin mutane, kowace da igiyarta, suna jiran layi. Wanda ya san Ƙofar Wambai a zamanin kaset da faifai zai ga cewa sana'ar ce dai ta sauya riga, sai dai yanzu babu kwali babu hoto, jerin sunaye kawai ake nuna maka a fuskar kwamfuta. Saurayin da ya karɓe ni ya miƙe ya ba ni kujerarsa, sannan ya ce, "Hajiya, na Turanci zalla za a sa miki ko mai fassara?" Na ce mai fassara, domin akwai Goggo a gidan, kuma ba za ta zauna kallon abin da ba ta jin maganarsa ba. Ya ɗan yi shiru, sannan ya gaya mini gaskiya cewa mai fassarar an matse shi don ya shiga waya, saboda haka idan a babbar talabijin za a kalla hoton zai ragu. Na yaba da wannan, domin da ya ga dama da ya karɓi kuɗinsa ya yi shiru. Cikin abin da bai kai rabin awa ba ya gama, ya jera kashi-kashin da lamba, ya kunna na farko da na ƙarshe a gabana, kuma kuɗin da na biya bai kai na kwanon shinkafa ba. Filashin ya dawo gida ba tare da bairos ba, abin da ba kowane shago ne zai yi alfahari da shi ba.

Matsalar ta fara ne da aka kunna a gida. Kusan rabin zangon farko a cikin gidan matar uban ake yinsa, kuma masu shirin sun kashe dukiya a kan wannan gida: katafaren gini na dutse a tsakiyar gonaki, da doguwar hanyar keken doki mai bishiyoyi dama da hagu, da faffaɗar matattakala a tsakiyar falo, da hotunan kakanni rataye a bango. Hasken cikinsa na kyandir ne da wutar murhu. Shi kuwa hoton da aka matse, duhu ne abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, domin hanyar matsewar tana zubar da ƙananan bambance-bambancen launi, kuma a wurare masu duhu ne ido ya fi ganin ɓarnar. Sai ga shi duk lokacin da yarinyar ta sauka madafa da kyandir a hannu, bangon da ke bayanta ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai baƙaƙe masu motsi, ba a gane tukunya daga bango. Wuraren rana da na liyafar fada sun fito tas, amma ba su ne zuciyar labarin ba.

Sauti ma ya sha irin wannan kashi. Masu fassarar sun danne asalin sautin sun ɗora muryoyinsu, saboda haka ƙarar takalmin matar uban a kan daɓen katako, da kukan ƙofa, da amon mukullai da ke rataye a ƙugunta, duk sun tafi. Ga kuma talla da lambar waya suna ta gilmawa a ƙasan hoto, har a wurin da ake binne mahaifin yarinyar.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda aka fassara gidan kansa. A kashi na farko an kira shi fada, a na uku an ce gidan gona, daga baya kuma aka koma cewa gidan Hajiya. Babu ɗaya da ya dace. Irin wannan gida a tsohuwar Turai mazaunin mai ƙasa ne, wato mutumin da ke da gonaki masu yawa da manoma 'yan haya a ƙarƙashinsa, kuma a babban zauren gidan ake karɓar kuɗin haya, a da har ƙananan shari'o'i ake yankewa a can. Ba sarki ba ne, yana ƙasa da sarki nesa, shi ya sa ma zuwa liyafar fada ya zama abin kokawa ga mutanen gidan. Idan aka kira gidan fada, yaro zai tambaya me ya sa masu fada suke haukan zuwa wata fada, kuma ɗana na tsakiya ya yi wannan tambaya. Bakano yana da kalmar da ta fi kusa, wato gandu, kalmar da har yau take raye a sunayen unguwanni irin su Gandun Albasa. Da an ce gidan mai gandu, ko a kwatanta shi da gidan wani babban dagaci mai gonaki, da kowa ya san matsayin mutanen tun daga kashi na farko.

Sai maganar bene, wadda ta juya labarin kai ƙasa. A wurin da matar uban ta kori yarinyar daga ɗakinta, mai fassara ya sa ta ce, "Daga yau kin koma sama, bene naki ne." Goggo ta gyara zama ta ce ashe matar tana da kirki. Ba laifin Goggo ba ne. A tsarin gidan Kano na gargajiya, daga zaure a bi ta shigifa a shiga tsakar gida, bene wuri ne na maigida, alamar wadata da girma, ba a ɗora bara a kansa. A gidan mai ƙasa na Turai kuwa abin akasin haka ne: masu gida suna zaune a tsakiya, inda rufi yake da tsawo kuma tagogi suke da faɗi, madafa tana ƙasa, barori kuma suna kwana can ƙurya a ƙarƙashin rufi, inda sanyi ya fi tsanani, ruwa ke yoyo, kuma mutum ba ya iya miƙewa tsaye sosai. Wannan tsari yana nan tun a tatsuniyar kamar yadda Charles Perrault na Faransa ya rubuta ta a 1697, inda aka kwantar da yarinyar a ƙuryar sama kan katifar ciyawa, 'ya'yan matar kuma suna ɗakuna masu daɓen katako da madubai masu nuna mutum daga kai har ƙafa. Hatta sunanta daga gidan ya fito, domin a Faransanci da Jamusanci duka an samo shi ne daga kalmar toka, saboda gefen murhu take rakuɓewa idan ta gama aiki. Da Bahaushe ne ya raɗa sunan, da 'Yar Toka zai ce. Jimla guda ta isa ta gyara wannan, ko da cewa aka yi an mayar da ita ɗakin barori, amma mai fassarar ya zaɓi ya kashe lokacin a kan barkwancin tsadar man fetur da ya cusa a bakin mai tuƙa keken doki. Barkwancin ya ba yara dariya, ban musa ba.

Kuskure na uku shi ne wanda na fi jin takaicinsa, domin a nan Hausa ta fi Turanci wadata, amma aka bar dukiyar a ƙasa. Daga farko har ƙarshe ana kiran 'yan matan nan biyu yayyen Sindirela. Ba yayyenta ba ne, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. 'Ya'ya ne da matar ta zo da su daga wani aure, kuma Bahaushe yana da suna guda a kansu, wato agola. Da zarar an furta wannan kalma, duk mai sauraro a Kano zai ga girman zaluncin ba tare da ƙarin bayani ba: agola a ɗakin 'yar gida, 'yar gida a bakin murhu. Tatsuniyoyinmu na 'yar bora da 'yar mowa, irin wadda ake tura yarinya wanki a Ruwan Bagaja, rikicin 'yan uba ne da duka suke da haƙƙi a gidan. Wannan kuwa wani abu ne daban, baƙi ne suka mamaye gidan mai gida.

Ni ce na yi wa Goggo wannan bayani a kashi na huɗu, kuma tun daga nan kallon ya koma zaman rabon gado. Ta ajiye carbinta a cinya ta fara lissafi da yatsu: mutum ya rasu ya bar 'ya mace guda, rabi nata ne, matarsa tana da tumuni tunda akwai 'ya, agola kuwa ko allura ba ta da ita. Hukuncin yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, kuma Goggo ba ta yi kuskure ba. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, garin nasu babu alƙali ne? Ina dangin uban?" Na ce mata ko a tsohuwar dokar Ingila abin da matar mamaci take da shi shi ne cin amfanin sulusin ƙasar mijinta iya tsawon rayuwarta, gidan bai zama nata ba. Ta ce to ashe ko a can ma ƙwace ne. Abin lura kuma shi ne, a rubutun Perrault da na 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, wanda ya fara fitowa a 1812, uban yana raye ana yi wa 'yarsa wannan aika-aika, a na Perrault ma an faɗa ƙarara cewa matar ce take juya shi, mijin-ta-ce ke nan. Masu shirin sun kashe shi ne don su wanke shi, kuma da suka yi haka sai suka mayar da gidan ya zama abin da ake rigima a kansa. Fassarar da ba ta gane wannan ba ta rasa rabin labarin, ko da ta kawo takalmin gilashi da kabewar da ta zama keken doki daidai.

Don kada na yi rashin adalci, muryar da ta yi matar uban ta iya aikinta ƙwarai. Ba ta yi ihu ba, magana take a sanyaye irin ta matar da ta san mukullai suna hannunta, kuma yadda take kiran yarinyar da "ke" a bushe, ba suna ba kinaya, ya fi duk wani zagi ciwo. An kuma yanke wuraren da ba su dace da yara ba cikin tsabta, ba tare da labarin ya yi tsalle ba, abin da uwa take buƙata kafin ta bar yara da rimot ta shiga kicin. Jihar tana da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, amma duk da haka ni na fi yarda na fara kallon abu da idona. A gefe guda, yana da kyau mai saye ya sani cewa kuɗin da yake biya a irin waɗannan shaguna na turawa ne, ba ya isa hannun waɗanda suka gina gidan da muke yabawa.

Kashi na tara ya tsaya a tsakiya, daidai lokacin da aka kulle yarinyar a ƙuryar sama. Washegari na koma shagon da shirin faɗa, amma saurayin bai ba ni dama ba. Ya duba, ya ce daga wajensu ne, ya sake turawa ba tare da karɓar ko kwabo ba, sannan ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, an sa ki zirga-zirga a wannan rana." Da na ba shi labarin duhun madafa, sai ya buɗe mini na Turancin a kwamfutarsa, a wuri guda. A nan ne na fara ganin ɗakin girkin yadda aka gina shi: tukwanen tagulla jere a bango, ƙararrawa huɗu rataye a saman ƙofa, kowace da igiyar da ta tafi ɗakin ɗaya daga cikin masu gida, da tabon da ya rage a bangon falo inda aka sauke hoton mahaifiyar yarinyar. Kwana tara muna kallo, ba mu san da wannan tabo ba.

Shagon na ba shi yabo a kan sauri da gaskiya da mutunta mai saye, kuma zan sake zuwa. Hajar mai fassara ta dace da waya da kuma wanda labarin kawai yake bi, amma ga talabijin ba ta kai ba, fassararta kuma tana buƙatar wanda ya san bambancin fada da gandu, da na yaya da agola. Na biya ƙarin kuɗi na ɗauko na Turancin mai girma, wanda ya cinye kusan duk filashin. Yanzu shi muke kunnawa bayan sallar isha'i, ni ce mai fassara, kuma Goggo ta sa na riƙa tsayar da hoton duk lokacin da aka nuna sabon ɗaki, domin ta ce sai ta ƙirga su duka kafin ta san nawa ne rabin marainiya.