Lamurje ko Zoɓo: Wanne Za Mu Haɗa?

Ni da aminina mun yi niyyar haɗa abin sha mai yawan kayan yaji domin buɗe-baki a unguwarmu ta Nima, sai dai mun rabu a kan lamurje da zoɓo, wanda mutanen Accra ke kira sobolo.

Shi ya fi son zoɓo saboda sauƙinsa: a tafasa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tace, a zuba sukari, kuma yana jure kwanaki a firji. Ni kuwa lamurje nake so, duk da wahalarsa, domin sai an jiƙa shinkafa ta kwana, a markaɗa ta da ɗanyar citta, a tace sau biyu da farin ƙyalle, sannan a sa ruwan tsamiya. A ganina tsamin zoɓo yana danne yaji komai yawansa, amma a lamurje zafin citta yana sauka har maƙogwaro. Matsalarsa ita ce saurin lalacewa, musamman idan aka ɗauke wuta cikin zafin Accra, don haka na ce masa mu haɗa na yini ɗaya kawai.